Jan Tauraro: Yadda Ake Shuka da Renon Furen Fadamun Amurka a Lambu

Kusan kowane lambu yana da lungun da mai shi ya gaji da shi: inda ruwan indararo ke taruwa, ƙasa ta yi caɓi, duk abin da aka dasa saiwarsa ta ruɓe. Yawancin furannin ado ba sa jure irin wannan wuri. Amma akwai wata shuka a kudu maso gabashin ƙasar Amurka da nan ne ta fi jin daɗi. Masana tsirrai suna kiran ta Hibiscus coccineus, masu lambu a can kuma suna ce mata tauraron Tekzas. A wannan jagora za mu riƙa cewa jan tauraro.

Abu biyu yake nema, rana mai yawa da ruwan da ba ya yankewa. Duk wanda ya zaɓa masa wurin da waɗannan biyun suka haɗu ya gama rabin aikin. Wanda kuwa ya dasa shi a jigawa ko a inuwa zai yi ta ɗawainiya da taki da feshi a banza.

Asalinsa da kamanninsa

Gidansa na asali fadamu ne da bakin koguna da ramukan gefen hanya masu riƙe ruwa, daga Fulorida da Jojiya zuwa Alabama, Misisifi da Luwiziyana. Duk da sunan da aka laƙaba masa, Tekzas ba ta cikin cibiyar asalinsa, masu lambu ne suka yaɗa shi can. Thomas Walter, wani manomi masanin tsirrai da ya zauna a bakin kogin Santee a Karolina ta Kudu, shi ya shigar da shi da wannan suna a littafinsa Flora Caroliniana na 1788.

Ga Bahaushe kuwa ba baƙo ba ne gaba ɗaya, domin ɗan'uwan rama ne da yakuwa, jinsinsu ɗaya, kuma danginsu ɗaya da kuɓewa da auduga. Wanda ya taɓa tsayawa ya dubi furen kuɓewa da safe zai gane ginin nan take: ganyen fure biyar, da wani dogon tsinke a tsakiya ɗauke da garin fure. Bambancin shi ne na jan tauraro ja ne wur, faɗinsa yakan kai santimita 12 zuwa 15, wani lokaci ya wuce. Ganyen furen sirara ne daga gindi, suna faɗaɗa zuwa baki, ba sa rufe juna, don haka ana hango koren ƙoƙon da ke riƙe da su ta tsakaninsu. Wannan ƙoƙon shi ne a yakuwa yake yin ja ya yi tsoka har a jiƙa shi a yi zoɓo. A jan tauraro kore ne, ba shi da tsoka. Don ado ake shuka shi, ba don miya ko abin sha ba.

Kara yake yi ba itace ba. Karan suna fitowa da yawa daga gindi ɗaya, su miƙe tsaye mita biyu zuwa biyu da rabi, a wuri mai lema sosai har mita uku, sau da yawa da ɗan ja-ja a jikinsu. Ganyen a tsattsage yake, yawanci yatsu biyar sirara masu tsaga-tsaga a baki. Idan sanyi ya shigo duk abin da ke saman ƙasa ya bushe, gindin ya kwanta a ƙasa, shekara ta zagayo ya sake tohowa.

Kada a rikita shi da furen nan mai sheƙin ganye da ake shinge da shi a otal-otal da gidajen gwamnati a ƙasashenmu, wato Hibiscus rosa-sinensis. Wancan itace ne, ba ya kwanciya da hunturu, kuma ruwa ya kwanta a gindinsa sai ya mutu. Wanda ya bi ƙa'idar renon wancan a kan jan tauraro zai kashe shi da ƙishirwa.

Zaɓen wuri

Kafin ka sayi komai, ka fita lambun bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi ka duba inda ruwa ya fi daɗewa kafin ya tsotse. Sannan ka lura da wurin yini guda, ka ga awa nawa rana take dukansa kai tsaye. Awa shida shi ne mafi ƙaranci, takwas ya fi. A inuwa zai rayu, amma karan za su yi tsawo ba ƙwari, su karkata suna neman haske, furen kuma ya yi kaɗan.

Wuraren da suka dace su ne bakin tafkin lambu, gefen rafi, ƙarshen bututun da ke sauko da ruwan rufi, ko kwarin da ruwa ke gangarowa. A garuruwan Amurka da yawa ana ƙarfafa wa masu gidaje gwiwa su haƙa ɗan kwari mara zurfi da zai tare ruwan rufi da na dakali ya nutse a ƙasa maimakon ya cika lambatu, kuma jan tauraro na cikin shuke-shuken da ake sawa a tsakiyar irin wannan kwari, inda lema ta fi daɗewa. Sai dai a nisanta kwarin da harsashin gida da kamar mita uku.

A duba iska ma. Kara mai mita biyu ɗauke da furanni ba ya jure guguwa, don haka kusa da katanga ko shinge ya fi, muddin ba za su tare masa rana ba. A kuma sa shi a baya, gajerun shuke-shuke a gabansa, saboda ƙasan karansa yakan zama fayau ba ganye idan damina ta yi nisa.

Game da sanyi, Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta raba ƙasar shiyya-shiyya bisa tsananin hunturu, kuma ana shuka jan tauraro daga shiyya ta 6 zuwa ta 9. A shiyya ta 6 sanyi yakan kai digiri 23 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, amma gindin yana tsira idan an lulluɓe shi.

Gyaran ƙasa

Laka mai nauyi, wadda masu fure ke kuka da ita, ba ta dame shi ba. Abin da yake so ƙasa ce mai riƙe ruwa, mai ruɓaɓɓen ganye, mai ɗan tsami kaɗan. Idan ƙasarka rairayi ce sai ka yi aiki: ka haƙa fangali mai zurfin santimita 40 zuwa 45, ka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki mai yawa, kamar kashi ɗaya cikin uku, ka mayar, ka bar fangalin ya ɗan fi kewayensa zurfi don ruwa ya riƙa taruwa a ciki. Wasu suna shimfiɗa leda mai kauri a ƙasan ramin, su huda ta wurare kaɗan, don ruwa ya riƙa tsiyayewa a hankali.

Kada a zuba toka ko farar ƙasa a wurin. Suna kashe tsamin ƙasa, sai shukar ta kasa zuƙar sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. Mazauna Amurka suna iya kai ƙasarsu gwaji ta ofishin malaman gona na gundumarsu, waɗanda ke ƙarƙashin jami'o'in jihohi.

Tsirar da iri

Hanya mafi arha ita ce ƙwayar iri. Ƙarama ce, ba ta kai ta kuɓewa ba, ruwan ƙasa-ƙasa, da ɗan gashi a jikinta, ɓawonta kuma da tauri. Wannan taurin shi ke ba ta damar yawo a kan ruwa ta daɗe ba ta ruɓe ba, amma a lambu shi ke jawo jinkiri. Maganinsa a raunata ɓawon kaɗan.

Ka riƙe ƙwayar tsakanin yatsu biyu, ka goga bayanta mai kumburi a kan takarda mai yashi ko abin goge farce, sau 'yan kaɗan, har sai ka ga launi mai haske ya leƙo. Da ka gani ka tsaya. Kada ka goga wajen ɗan bakin da ke lanƙwashe, domin ta nan saiwa ke fitowa. Sai ka zuba ƙwayoyin a ruwan ɗumi su kwana. Da safe za ka tarar waɗanda suka sha ruwa sun kumbura. Waɗanda ba su kumbura ba ka sake goga su, ka mayar.

Ka shuka su a ƙananan tukwane ko ledar reno, zurfin rabin santimita kawai, biyu a kowace tukunya. Ka ajiye tukwanen cikin faranti mai ɗan ruwa don ƙasar ta riƙa sha daga ƙasa, kada ta taɓa bushewa. Ɗumi suke so, digiri 21 zuwa 27. A haka yawancinsu suna tsirowa cikin mako ɗaya zuwa uku. Idan biyun suka fito, ka yanke mai rauni da almakashi maimakon tumɓukewa, don kada ka girgiza saiwar ɗayan.

A inda ake sanyi mai daskarewa, ana fara renon a cikin ɗaki mako takwas zuwa goma kafin ƙarshen sanyin, kusa da taga mai rana ko ƙarƙashin fitila. Wanda aka fara da wuri yakan yi fure a shekarar farko. Kafin a fitar da su gaba ɗaya, a yi mako guda ana saba musu da waje, yau awa biyu, gobe huɗu, har su iya wuni.

Yankan kara da rabon gindi

Wanda ke da shuka mai kyau yana so ya sami irinta sak, musamman mai farin furen nan da ake kira Alba, sai ya bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ta farko, a watan Mayu ko Yuni ya yanko kan ɗanyen kara mai tsawon santimita 10 zuwa 15, daidai ƙasan gaɓa, ya cire ganyen ƙasa ya bar biyu a sama, ya soka shi a ƙasa mai lema, ya rufe da leda mai haske, ya ajiye a inuwa mai haske. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Alamar ita ce sabon ganye, kuma idan ka ɗan ja shi sai ka ji ya riƙe.

Ta biyu ita ce rabon gindi, a lokacin da toho ya fara leƙowa. Gindin tsohuwar shuka yana da tauri kamar itace, saiwoyinsa kuma farare ne masu kauri, don haka sai da shebur mai kaifi, wani lokaci har da zarto. A tono shi duka, a raba biyu ko uku, kowane yanki da idon toho biyu ko uku da saiwarsa, a dasa nan take, a cika shi da ruwa. Kada a yi wannan da kaka, domin yankin da bai kama ƙasa ba sanyi da lema suna ruɓar da shi.

Idan saye za ka yi, ka nemi masu renon tsirran gida, ka duba sunan Hibiscus coccineus a jikin tukunyar. Kasuwa cike take da 'ya'yan barbara masu manyan furanni, waɗanda aka samu ta haɗa shi da 'yan'uwansa irin su Hibiscus moscheutos, kuma ganyen furensu a haɗe yake, ba su da siffar tauraro. Kada kuma a je fadama a tono na daji. A filayen gwamnati haramun ne sai da izini, kuma iri ɗaya ne da wanda za ka samu a tukunya.

Dashe

A jira ƙasa ta yi ɗumi. A Fulorida da gaɓar Tekun Meksiko ana iya dasawa tun Maris ko Afrilu, can arewa kuwa sai Mayu. A haƙa rami mai faɗi ninki biyu na tukunyar, amma zurfinsa daidai da ita. Gindin ya zauna daidai da fuskar ƙasa. A bar tazarar mita ɗaya zuwa mita ɗaya da santimita 20 tsakanin shuka da shuka. A ranar dashe wannan tazara za ta yi kama da ɓarnar fili, amma shekara uku kawai za su cike ta. Guda uku a wuri ɗaya sun fi ɗaya tilo kyau, kuma suna tare wa juna iska.

Bayan dashe a zuba ruwa har ƙasa ta yi laka, sannan a shimfiɗa busasshen ganye, ɓawon itace da aka daddatsa ko ciyawa marar iri, kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar ɗan fili kewaye da karan. Wannan shimfiɗa ita ke hana rana shanye lema.

Ban ruwa da taki

A bakin tafki ko fadama babu ruwanka da ban ruwa. A ƙasar lambu ta yau da kullum kuwa, kada ka bari ƙasar ta bushe. Ka soka yatsa gaɓa biyu, idan ba ka ji sanyin lema ba ka kawo ruwa. A lissafi, yana buƙatar aƙalla santimita biyu da rabi na ruwa a mako, wato lita 25, jarka guda, a kan kowane murabba'in mita, a tsananin zafi kuma ninki biyu. A sa tiyo a gindi ruwa ya riƙa zuba a hankali ya nutse, ya fi a watsa a kan ganye.

Shukar da kanta tana faɗin ƙishirwarta. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube, bakin ganye ya ƙone, ƙullin fure ya faɗo tun bai buɗe ba. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka fara duba ruwa kafin ka zargi ƙwaro ko cuta.

Taki kaɗan ya ishe shi. Ruɓaɓɓen takin gargajiya sau ɗaya idan toho ya fito, kaurin santimita biyu ko uku kewaye da gindi, ya wadatar a yawancin ƙasa. A rairayi ko a tukunya ana iya ƙarawa da takin zamani mai narkewa a hankali, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin buhun. Yawan yuriya ganye yake sawa da kara mai laushi, ga jawo darɓa. Idan shukar a bakin tafki ko rafi take, kada a watsa takin zamani ko kaɗan, domin ruwa zai wanke shi ciki, gansakuka ta rufe tafkin, kifi su rasa iska.

Tsinke kai da tokara

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan an bar jan tauraro yadda yake so, kowane kara zai miƙe sambal, furanni su taru can sama. Wanda yake son shuka mai cika da rassa, idan karan suka kai santimita 45 zuwa 60 sai ya tsinke kan kowanne, kamar santimita 5 zuwa 8, daidai saman ganye. Daga gaɓoɓin ƙasa rassa za su fito, kowanne da nasa furanni. Wannan yana jinkirta fure da kamar mako biyu, kuma a daina yi daga tsakiyar Yuni. Wata dabara ita ce a tsinke na gaba a bar na baya: na baya su fara fure da wuri kuma su yi tsawo, na gaba su biyo baya su rufe ƙasan da ya yi fayau.

A wuri mai iska a kafa sanduna uku ko huɗu kewaye da gindin tun karan suna gajeru, a zagaye da igiya mai laushi a tsayin gwiwa da na ƙirji. Ganye zai rufe su. Idan aka jira sai hadari ya kwantar da karan, ɗago su yakan karya su daga gindi.

Lokacin fure

Daga Yuni ko Yuli zuwa Satumba ake cin moriyar wahalar. Kowane fure yini ɗaya yake yi. Da yamma za ka ga ƙullin ya kumbura, jan baki ya leƙo daga koren ƙoƙo a murɗe. Da hantsi ya buɗe sarai, dogon tsinken tsakiya ya miƙo waje, garin fure a jikinsa, a can ƙarshensa kuma 'yan kawuna biyar masu karɓar garin. Kafin magariba ya yanƙwane, washegari ya faɗi, wani ya buɗe a gefensa. Saboda haka ba furen yanka a sa a kwalba ba ne, a gindinsa ake kallonsa.

Jan launi da wannan dogon tsinke sun dace da wani ɗan tsuntsu mai jan maƙogwaro da ke tsayawa cik a iska yana zuƙar zaƙin fure. Yayin da yake cusa baki, garin yana shafar kansa, ya kai wa fure na gaba. Manyan malam-buɗe-littafi ma suna zuwa, haka kuma wani ƙudan zuma da ba ya zaman amya, Ptilothrix bombiformis, wanda ke haƙa ramin gidansa a ƙasa mai tauri kuma da garin furen wannan jinsi yake ciyar da 'ya'yansa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a feshin guba a lokacin fure.

Cire furen da ya mutu ba dole ba ne. Amma a wuri mai lema iri yana zuba ya tsiro da kansa, don haka wanda ba ya son yaɗuwa ya riƙa tsinke kwanson tun yana kore.

Kwari da cututtuka

Babban abokin gabarsa tsutsar wani ɗan ƙwaro ce, Atomacera decepta. Uwar baƙa ce mai jan ƙeya, ba ta fi rabin santimita ba, tana sa ƙwai a jikin ganye. Tsutsar koriya ce mai baƙin kai, tana ɓuya a bayan ganye tana kankare naman, ta bar jijiyoyi. Da farko za ka ga 'yan tabo masu haske, bayan mako guda ganyen ya koma raga. Tun daga Mayu ka riƙa juya ganyen ƙasa sau biyu a mako. Idan kaɗan ne ka murƙushe su da hannu, ko ka cire ganyen. Idan sun yi yawa ka fesa ruwan sabulun kashe kwari ko man darbejiya a bayan ganyen, da yamma bayan furanni sun rufe. A lura, maganin nan na Bt da ake sayarwa don tsutsar malam-buɗe-littafi ba ya kashe wannan, domin ita dangin zanzaro ce. Kwarin suna haihuwa sau da yawa a shekara, don haka feshi ɗaya ba ya gamawa da su.

Na biyu shi ne buzuzun Japan mai koren ƙarfe, wanda aka fara gani a Amurka a jihar New Jersey a 1916. Yana cin fure da ganye. Da sassafe, lokacin da jikinsa bai saki ba, ka tara bokitin ruwan sabulu a ƙarƙashin reshe ka girgiza, sai su zubo ciki. Tarkon ƙamshi da ake sayarwa yakan jawo fiye da abin da yake kamawa, kada a rataye shi kusa da shukar.

Darɓa da farin ƙuda, ruwan tiyo mai ƙarfi yana wanke su. Barewar daji tana cin sabon toho, sai a kewaye shi da waya. Tsatsa da tabon ganye suna zuwa idan an cunkushe shuke-shuke iska ba ta ratsawa, maganinsu tazara da kwashe ganyen da ya zube.

Akwai kuma wata matsala da ba ta ƙwaro ba. Kafin ya yi fure, ganyensa yana kama da na tabar wiwi, kamar yadda na wata rama yake yi, kuma maƙwabta kan yi zargi. Ganyen jan tauraro santsi gare shi, kuma ba shi da wannan wari idan an murza. Ka kafa ɗan allo mai sunansa a gindinsa tun ranar dashe.

Hunturu da tohowa

Idan sanyi ya daskarar da raɓa, ganye zai zube, karan su bushe. Kana iya yanke su ka bar santimita 15 zuwa 20, ko ka bar su tsaye har ƙarshen hunturu. A shiyya ta 6 da ta 7 a tula busasshen ganye kaurin santimita 10 zuwa 15 a kan gindin, a janye shi idan ɗumi ya dawo.

Kada ka yanke har ƙasa, domin guntayen karan su ne alamarka. Jan tauraro yana cikin na ƙarshe wajen tohowa. Sauran lambu zai yi kore shar shi ko motsi bai yi ba, a wurare masu sanyi har ƙarshen Mayu. A nan ne mutane da yawa ke cewa ya mutu, su sa fartanya su sare idon toho, ko su dasa wani abu a kansa. Idan hankalinka bai kwanta ba, ka tone ƙasa kaɗan da yatsa a gefen tsohon kara: gindi mai tauri da 'yan idanu ja-ja yana nan da ransa. Da zarar ya fito kuwa, girmansa da sauri yake.

A tukunya ko cikin tafki

Wanda ba shi da fili ya nemi tukunya mai cin lita 40 ko fiye, mai nauyi don kada iska ta kifar da ita, ya ɗora ta a kan faranti mai zurfi da ruwa a ciki. Don tafkin lambu, a cika tukunyar da laka, a rufe samanta da tsakuwa don kada kifi su tone, a nutsar da ita yadda ruwa ba zai wuce santimita 5 zuwa 10 a kan gindin ba. Ruwan faranti kuwa a zubar a sake sabo duk bayan kwana huɗu ko biyar, saboda a lokacin zafi sauro yana kammala girma daga ƙwai cikin kamar mako guda.

Ga mai son gwadawa a ƙasarmu

Zafi da rana ba matsala ba ne, damina kuma lokacin girmansa ce. Wuyar tana ga rani da iskar hunturu. Sai a lambun fadama, bakin rijiya, ko inda ruwan alwala ke gangarawa kullum. Ruwan wanki mai omo bai dace ba, gishirinsa yana taruwa a ƙasa. Idan ya kakkaɓe ganye ya bushe daga sama, a yanke karan, a rage ruwa amma kada gindin ya bushe ƙayau. A killace shi daga awaki, a kuma sa ido kan kwarin kuɓewa da yakuwa, tunda dangi ɗaya suke bi.

Shigo da iri daga waje sai da izinin hukumar killace tsirrai, a Najeriya ita ce NAQS. Kuma a tsare shi cikin lambu, a riƙa tsinke kwanson kafin ya fashe, kada irinsa ya bi ruwa ya shiga gulbi. Shukar ruwa baƙuwa idan ta kuɓuce, mayar da ita gida yana da wuya.

Tara iri

Bayan fure ya faɗi, kwanso mai ɗaki biyar yana kumbura cikin ƙoƙon. Idan ya yi ruwan ƙasa, bakinsa ya fara tsagewa, a yanke shi a sa a jakar takarda ya ƙarasa bushewa a inuwa. A fasa, a bushe ƙaiƙayin, a ware ƙwayar da ke da huda, domin akwai ɗan ƙwaro da ke girma a cikinta. Idan ta bushe sarai, a rufe ta a kwalba a sa a firiza kwana uku ko huɗu don kashe wanda ya ɓuya, sannan a ajiye a wuri mai sanyi mara lema, a rubuta shekara a jiki.

Kada a yi wa shukar hukunci da shekararta ta farko, lokacin da kara ɗaya ko biyu kawai take fitarwa. A ta biyu karan suna ƙaruwa, a ta uku gindin ya cika. Idan bayan shekara huɗu ko biyar ka ga tsakiyarsa ta fara mutuwa, toho yana fitowa daga gefe kawai, lokacin rabo ya yi: ka tono shi da farkon tohowa, ka jefar da tsohuwar tsakiyar, ka mayar da yanki ɗaya wurinsa da sabon taki, sauran ka dasa su a wani wuri mai lema ko ka ba maƙwabci.